Yayen Asabe

Yamai, 3 ga Fabrairu 1974

Zuwa ga Yaya Kadi, a Kwaya.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Jibo da yara, har da Kolo ɗan goyonki. Idan kin je ruga ki gaida Inna, ki gaida Bappa Sabo da mutanen gidansa. Mu ma nan da sauƙi. Da hannuna nake rubutawa ban ba kowa ba, don maganar da ke ciki ba ta kunnen namiji ba ce. Idan kin ga baƙi ya karkace ki yi haƙuri. Tare muka zauna a ajin yaƙi da jahilci, kin san wadda malam ya fi yi wa faɗa.

Watanmu huɗu ke nan a garin nan. Ɗaki ɗaya muka samu a unguwar Bukoki, cikin gida mai ƙofa tara. Duk Zabarmanci ake yi, ban da wata mata mai suna Amarya, mutuniyar Dogon Dutse, ita kaɗai nake magana da ita. Baban yara yana gadin wata mangaza, babban ɗakin ajiyar kaya, tun safe sai magariba. Ruwa a pampo ne can bakin hanya, kuma sai an yi layi.

Ɗantsoho ya cika shekara uku da rabi, ba ya zama wuri ɗaya. A gida idan yaro ya fita, duk macen da ta gan shi za ta kamo hannunsa ta kawo. Nan ba wanda ya san ɗan wane ne. Shekaranjiya ya tarar da wata maƙwabciya tana cin shinkafa, ya zauna ya sa hannu kamar yadda ya saba a gidanki. Ta yi ta faɗa, ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai yi ta ba da haƙuri. Yanzu idan zan je ɗiban ruwa sai in ɗaure ƙafarsa da ɗankwali a jikin gado, in goya Asabe in tafi. Kada ki gaya wa Inna wannan.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yaya, na yi kwanika. Ciki ne da ni, wata biyu, ga Asabe tana wata ashirin ban cire ta daga nono ba. Kwana goma ke nan tana zawo. Na san abin da tsofaffi ke faɗa a kan nonon mai ciki, kuma ga shi ina gani da idona, wuyanta ya fara yin siriri.

Kin san a gidanmu uwa ba ta yaye ɗanta da kanta. Ranar Juma'a ake kai shi wurin kaka, a ba shi rubutu ya sha, ya zauna a kan madarar shanu har ya manta. Haka aka yi wa Ɗantsoho, haka aka yi wa naki biyu. Ki je ki gaya wa Inna a kunne, ba a gaban matan Bappa ba. Ki tambaye ta ko in aiko da Asabe idan na sami mai zuwa. Ki ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarki, Sa'a

*

Yamai, 10 ga Maris 1974

Yaya Kadi,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Lafiyarmu ba ta cika ba. Mako biyar ban ji daga gare ki ba. Baban yara ya gaji da zuwa gidan waya, ya ce mai ba da takardu yana hango shi sai ya girgiza kai. Ko dai Inna ta yi fushi ne da abin kunyar da na yi? Idan faɗa ta yi ki rubuto mini faɗan, zan ɗauka.

Na gwada yayen da kaina. Amarya ta samo mini ɓawon maɗaci, na jiƙa na shafa. Asabe ta kama, ta saki, ta dube ni, sannan ta fasa kuka. Yini biyu tana bin zanena duk inda na sa ƙafa. Ina zan ɓoye mata a ɗaki ɗaya? Na kai ta ɗakin Amarya, ƙofa uku ne tsakaninmu, tana jin muryata sai ta taso. Mijin maƙwabciyar nan mai shinkafa ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana magana da hannu. Amarya ta ce cewa yake shi direba ne, yana son ya huta. A rana ta uku na wanke maɗacin na ba ta. Ta sha ta yi barci, ni kuma na zauna ina kallon ta ina tunanin abin da na zuba mata a ciki. Zawon yakan tsaya kwana biyu ya dawo.

Ɗantsoho kuma ya koyi kwance ɗankwali. Ranar Talata na dawo da tulu na tarar da ɗankwalin kawai. Na zaga unguwa da goyo ina kiran sunansa. Ashe wasu shanu ya gani ana kora zuwa mahauta, ya bi su har ya ƙetare babbar hanya. Wani mai gyaran keke ne ya riƙe shi. Da na tambaye shi ina za shi, sai ya ce wurin Inna. Ban iya dukan sa ba.

Goggo Hinda, ƙanwar mahaifin baban yara, tana nan tun babbar salla ana yi mata maganin ido. Ƙarshen watan nan za ta koma Magarya. Ta ce in ba ta yarinyar ta kai wa Inna, ba a taɓa tambayar kaka izinin kawo mata jika ba. Baban yara ya ce in yi abin da na gani. Ni ban ga komai ba, Yaya. Idan kwanan ya zo ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka shirun yarda ne.

Sa'a

*

Yamai, 28 ga Maris 1974

Yaya, wannan a hannun Goggo Hinda za ta zo, tare da Asabe. Ki karanta wa Inna.

Inna, ina gaisuwa. Ga jikarki nan. Ki gafarce ni.

Ba ta shan kunu da zafi, sai ya huce an ɗan sa tsamiya. Ba ta yarda da ludayi, a bakin ƙwarya take sha. Idan ta ce "mamma" ruwa take so. Tana tsoron jaki. Ba ta barci sai ta riƙe kunnen wanda ya kwanta kusa da ita, a bar ta ta riƙe, ba ta ja. Na sa mata riguna biyu da majanyina, wanda ban wanke ba don ta riƙa jin ƙamshina. Idan kin ga yana hana ta mantawa sai ki ɓoye.

A fara mata da madarar da aka tafasa, cikinta bai daidaita ba. Idan kaka ta yi, ko ni ko babanta wani zai zo.

Sa'a

*

(Wannan ta iso Yamai ranar 2 ga Afrilu.)

Kwaya, 24 ga Fabrairu 1974

Ƙanwata Sa'a,

Takardarki ta same ni jiya, na karanta sau biyu. Muna lafiya, Kolo ya fara zama. Allah ya raba ku lafiya da abin da ke cikinki. Ki bar maganar kunya, ba ke kika fara ba.

Kada ki aiko da Asabe. Na sake rubutawa don ki gani da kyau: kada ki aiko ta.

Mun ɓoye miki halin da ake ciki don kina baƙon wuri, Inna ce ta ce kada a tayar miki da hankali. Tun da kuka tafi abin ya ƙara lalacewa. Abin da aka girbe bai kai mu babbar salla ba. Shanun Inna goma sha ɗaya, huɗu suka rage, su ma sai an ɗaga su da safe. Ba ɗigon madara a ruga. Kwana takwas ke nan da Bappa Sabo ya kwashe su duka, da Inna da matansa, suka ƙetara Najeriya wajen Ɓaɓura neman ciyawa. Rugar ba kowa, an sa ƙaya a ƙofa. Jibo ya tafi Kano cin rani. Mu da muka rage 'ya'yan anza na daji muke jiƙawa muna haɗawa da dusa.

Ki riƙe 'yarki a inda ake sayar da hatsi a kasuwa. Ki kai ta likita, an ce a Yamai suna da yawa. Zan ba Alhaji Muttaƙa mai fatu wannan takarda, gobe zai shiga Magarya ya sa a gidan waya.

Yayarki, Kadi

*

Yamai, 3 ga Afrilu 1974

Yaya Kadi,

Ba zan iya doguwar gaisuwa ba. Takardarki ta zo jiya. Asabe ta tafi kwana biyar kafin ta zo.

Na duba ranar da kika rubuta, na duba hatimin gidan waya. Ke kin rubuta a Fabrairu, hatimin na ƙarshen Maris ne. Ina ta kwana wata guda? Baban yara ya karanta shi ma. Daga baya ya tafi tasha ya tambayi direbobin Damagaram. Wani ya ce kamyon, wato motar kayan da su Goggo suka shiga, ya lalace bayan Ƙonni, sun kwana biyu a daji kafin a gyara. Bai san fiye da haka ba. Goggo ba ta gani sosai, kuma gorar ruwa ɗaya na ba su.

Ni na ɗora ta a motar nan da hannuna. Tana barci na miƙa ta, don kada ta ga tafiyata. Na aika ta gidan da aka sa wa ƙaya.

Baban yara ya nemi kwanje, hutun 'yan kwanaki, wurin mai mangaza. An ce masa idan ya tafi kada ya dawo, mutum ashirin na jiran aikin a bakin ƙofa. Na ce to ni zan tafi. Ya ce da ciki, da Ɗantsoho, kwana uku a bayan kamyo cikin wannan zafi, so nake ya rasa mu duka? Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, har Amarya ta shigo ta fitar da yaron.

Ki nemi Goggo Hinda a Magarya, gidanta na bayan masu ƙira. Ki karɓi yarinyar. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne, kuma kada ki ba mai fatu. Ki gaya mini gaskiya kowace iri ce. Kun ɓoye mini sau ɗaya, ga inda ya kai mu.

Sa'a

*

Yamai, 27 ga Afrilu 1974

Yaya,

Ina gaisuwa. Har yanzu shiru. Wannan ita ce takarda ta uku tun tafiyar Asabe, ta biyun na ba wani direba, ban sani ba ko ta iso.

Kullum da hantsi nakan ja Ɗantsoho mu tafi tasha. Na daina ɗaure shi, yanzu ba na barin sa ko nan da ƙofa. Masu lodi sun san ni, suna ce mini matar Magarya. Duk wanda ya sauko daga gabas sai in tambaye shi. Wani ya ce ƙyanda ta shiga ƙauyukan wajen Dungas. Wani ya ce an fara raba jar dawa a Magarya. Ba wanda ya ga tsohuwa mai ciwon ido da yarinya.

Ɗantsoho yana ajiye wa Asabe rabon ƙosai a ƙarƙashin tabarma. Sai tururuwa ta taru nake ganewa. Jiya ya tambaye ni ko shi ma idan ya yi zawo mota zan sa shi.

Nonon ya cika ya yi ta ciwo har zazzaɓi ya kama ni, Amarya ta raka ni likita, wato asibitin mata. Wadda ta duba ni Bahaushiya ce, 'yar Tasawa. Ta tambayi ina mai shan nonon, na gaya mata duka. Ta ajiye abin rubutunta ta dube ni. Ta tambaya daga ina muke shan ruwa ranar da pampo bai zo ba. Na ce masu garuwa, daga kogi. Sai ta ce, "Baiwar Allah, ruwan ne ya sa ta zawo. Nonon shi ne ke riƙe da ita." Ta ce da na ci gaba da ba ta, ina cin abinci ina tafasa ruwa, ba abin da zai same ta, mata da yawa sun yi haka a gabanta.

Ban san wa zan gaskata ba, ita ko tsofaffinmu. Amma tun ranar maganarta ba ta fita raina ba. Likitan nan tafiyar rabin awa ce daga ɗakinmu, Yaya. Wata shida ina wucewa ta gabanta ban shiga ba, don ina jin kunyar a tambaye ni da Faransanci in kasa amsawa.

Idan ta rasu ki rubuta kawai. Ki faɗi ranar da wurin da aka sa ta.

Sa'a

*

(Wannan ta iso Yamai ranar 9 ga Mayu.)

Kwaya, 1 ga Mayu 1974

Sa'a,

Asabe tana da rai. Tana kan cinyata yanzu, ita ce ta ja takardar nan ta yage gefe. Sauran gaisuwa ta biyo baya.

Takardunki biyu sun zo tare a makon nan. Tawa ta farko a aljihun babbar rigar Alhaji Muttaƙa ta zauna, ya wuce Kano da ita ya dawo. Ya zo ya durƙusa ba da haƙuri. Ban rubuto da wuri ba don ban san abin da zan rubuta ba. Na ce sai na ga inda ta faɗa.

Kwana biyar suka yi a hanya. Goggo Hinda ta ɗauki amalanken jaki daga Magarya har ruga, ta tarar da ƙaya, ta juyo gidana da la'asar. Da ta kwance goyon ban gane yarinyar ba. Ido ya faɗa, kuka ma ba ya fita. Na yi kunu yadda kika rubuta, da ɗan geron da na ɓoye na iri. Ta kau da kai. Kwana biyu ruwa kawai take karɓa. Liman ya yi rubutu, ta amayar.

A rana ta uku ina ba Kolo nono, tana kwance kusa da ni. Ta miƙo hannu ta kama kunnena. Sa'a, ban yi shawara da kowa ba, na juya na ba ta ɗayan. Ta sha har ta yi gumi. Yayen da kika aiko ta a yi, ni na warware shi. Uwar Jibo ta yi ta faɗa, ta ce da me zan ciyar da biyu ina cin anza. Liman ya ce tunda ba ta cika shekara biyu ba kuma ta sha ta ƙoshi ba sau ɗaya ba, ta zama 'yata, ita da 'ya'yana uwa ɗaya ke nan har abada. Na ce na ji.

Yanzu zawon ya tsaya, tana karɓar kunu kaɗan, tana tsayawa idan ta dafa bango. Amma kin ce in faɗi gaskiya. Nonon ba ya isar su. Kolo ya rame, ni ma idan na tashi da sauri sai in ga duhu. Jar dawar da ake rabawa sau ɗaya ta iso mu.

Goggo ta ce akwai wata mata da za ta Yamai tsakiyar wata, za ta iya dawo miki da ita. Ni ina tsoron hanyar nan, ban ga alamar za ta iya ta sau biyu ba. Idan kuma ta zauna, sai an taimaka mini da abin da zan ci har ruwa ya sauka Inna ta dawo. 'Yarki ce, ke za ki yanke.

Abu ɗaya kuma. Ta ji yarana suna ce mini Iya, ta fara faɗa ita ma. Kullum sai in ce mata a'a, Iyarki tana Yamai. Sai ta dube ni. Ba na son ki zo ki ji a bakinta ki ce na ƙwace miki.

Kadi

*

Yamai, 11 ga Mayu 1974

Yaya Kadi,

Allah ya saka miki. Na rasa yadda ake rubuta sauran. A tsakar gida na karanta layin farko, na zauna a ƙasa. Maƙwabciyar nan da ba ma jin maganar juna ita ce ta kawo mini ruwa. Ki gaida uwar Jibo, ki ce mata gaskiya ta faɗa. Ki shafa mini kan Kolo.

Kwana biyu muna magana da babanta. Shi so yake a dawo da ita. Ni ma da na rufe ido ita nake gani tana shigowa ƙofar nan. Na je na tambayi 'yar Tasawan nan ta likita, ta ce yarinyar da ba ta tsayawa sai da bango kada a sa ta a kamyo a watan nan. Nonona kuma ya ƙafe tun mako biyu. Idan ta zo ba ni da abin da zan ba ta wanda ya kai naki.

Kada ki ba matar nan ita. Ta zauna.

Direban gidanmu, wanda kukanta ya hana hutawa, yana zuwa Damagaram jibi. Amarya ta gaya masa labarin, ya ce zai sauke kaya a hannun ɗan'uwansa mai zuwa Magarya, a kai gidan Goggo. Akwai rabin buhun gero, da wake, da ƙulli na sukari da garin madara. Duk wata za mu raba abin da muka samu biyu, rabi naki. Ke za ki ci, Yaya, ba yara kaɗai ba. Ki tafasa ruwan da suke sha ko da uwar Jibo ta ce ɓarnar itace ne. Ki fara ba Kolo nono, sannan ita. Ranar da kika ga ta yi ƙarfi ki yaye ta da kanki, ba sai kin tambaye ni ba, ba sai an jira Juma'a ba.

Haihuwata sai wajen kaka. Kafin in yi arba'in in iya hawa mota, ta kusa shekara biyu da rabi. Na lissafa, na san ba za ta gane ni ba. Zan zauna a gidanki har ta saba, ko kwana nawa ne.

Maganar sunan da take kiran ki da shi kuwa, na karanta wurin sau da yawa. Ki daina gaya mata Yamai, ba ta san inda take ba. Yarinya ce, tana kira ne don ta ji an amsa. Idan ta ce Iya, ki amsa mata.

Ƙanwarki, Sa'a